Ƙofar da ke Kusa da ta Baba

Shekarar da aka haifi ɗiyarmu ta fari, maiɗakina ta tafi wankan gida ta bar mini abu biyu in kula da su a Filinge: akuyarta da ordinatarta, wato kwamfutarta. Akuyar ba ta ba ni wahala ba, in ban da ranar da ta tauna mini takardun jarrabawar ƴan ajina. Ordinatar ce ta nemi ta sa mini hawan jini.

Ni malamin lissafi ne a kolej. Mushe ake ce mini ko'ina, yadda ake kiran malamin boko da Faransanci, har a gida, har ita ma haka take kirana tunda ba za ta kama sunana ba. Ni kuma in ce mata Madam. A Yamai muka haɗu wurin karatu. Ita harkar ordinata ta karanta, kuma ta iya ta ƙwarai. Ni abin da na sani bai wuce wanda na tsinta a gefenta ba, tana aiki ina shan shayi ina tofa albarkacin bakina, ta kan ce mini in sha shayina kawai.

Aikin da ta ɗora wa kanta shi ne bin ƙauyukan Kurfai tana ɗaukar muryoyin tsofaffin manoma, maza da mata. Ta kan zauna gabansu ta bar su su yi ta zuba a kan hatsi: wane iri ne ke jure guntun ruwa, me ya bambanta zango da maiwa, ƙasar dallol, wato ta kwari, me take so wanda ta tudu ba ta so, yadda ake jera damma a rumbu kada gara ta shiga. Daga wajen Tabla har Bonkuku babu inda ba ta taka ba, a motar kasuwa, a keken jaki, har lokacin da cikinta ya fito ina ta faɗa. Wasu daga cikin tsofaffin nan sun riga mu gidan gaskiya tun kafin ta gama. Ta kan dawo a gajiye, ƙafa a kumbure, ta ce mini, “Mushe, yau na samu wata tsohuwa, da ka ji ta.” Ban taɓa faɗa mata ba a lokacin, amma ina alfahari da ita har raina.

Duk muryoyin nan suna cikin abin da take kira rumbun bayanai, wato wurin ajiya a cikin ordinatar. Rumbun kuma ta sa shi cikin kwantena. Ba kwantena ta ƙarfe irin ta manyan motoci ba. Wani ɗan keɓaɓɓen ɗaki ne da ake yi wa manhaja a cikin na'ura, ita da duk kayanta, kada ta cakuɗu da sauran. Sai ka tada kwantenar, sannan ka buɗe wata manhaja da Madam ta rubuta da hannunta, wadda ke zuwa ta ɗauko muryoyin ta jera maka su. Tana da wani faifai na waje da take kwafe komai a kai saboda tsaro, amma zafin bazara ya kashe shi. Mun ba da sautun wani daga Yamai, bai iso ba har ta tafi.

Kafin ta tafi ta zaunar da ni. Ta ce akwai wani ma'aikacin gidan rediyo da zai zo kafin ruwan shuka, yana son muryoyin don a riƙa sa wa manoma. In ya zo, in kwafe masa. Ta nuna mini da yatsa: ka kunna nan, ka tada kwantena haka, ka buɗe wannan. Na ce mata wannan ai ko akuyar ta iya. Ta harare ni, ta miƙe da ƙyar tana dafa ƙugu, aka sa ta a mota.

An haihu lafiya, an yi suna, na je na dawo. Bazara ta yi nisa, gajimare ya fara taruwa ta gabas da la'asar yana watsewa. Sai wata safiya mutumin rediyo ya yi sallama. Na shimfiɗa masa tabarma, na ɗora shayi, na ɗauko ordinata ina ta yi masa bayani kamar ni na ƙera ta. Na kunna. Na tada kwantena, ta tashi. Na buɗe manhaja, ta buɗe ba gardama, ba ta ko yi mini jan rubutun nan na gargaɗi ba. Sai dai inda na saba ganin sunayen ƙauyuka a jere har ka gaji da saukowa, layi ɗaya tak na gani. Babu sunan gari, babu sunan mai magana.

Na rufe na sake buɗewa. Layi ɗaya. Na ce wa baƙona abin yana ɗan ɗumama ne, ya sha shayi. Ya sha na fari, ya sha na biyu, ya sha na uku, ina ta gumi. Daga baya ya dube ni da tausayi ya ce zai dawo bayan kasuwa mai zuwa.

Da ya tafi na zauna da abin sosai. Ni mutum ne mai saurin fushi, kowa ya sani, kuma ranar na zagi na'urar da duk harshen da nake ji, har da ɗan Zabarmancin kasuwa. Na kashe ta na kunna. Na duba kwantena, tana nan tana aiki lafiya lau. Na duba kalmar sirri, ai ta karɓa, da ba ta karɓa ba da ba ta buɗe ba. Abin da ya fi ɗaure mini kai, na duba cikin na'urar na ga har yanzu a cike yake, wuri bai ragu ba. To in kayan sun ɓace, me ya cika ta?

Na kira wani abokina a Yamai wanda ke aiki da irin waɗannan abubuwa. Yana cikin hayaniyar hanya, ya saurare ni rabi da rabi, ya ce, “Wataƙila ka sake gina kwantenar ne ba ka sani ba. In ba a ɗaure ta da ma'ajiya ba, duk abin da ke ciki tafiya yake yi. Goge ta ka sake tada sabuwa mu gani.” Na sa hannu zan yi, sai wani abu ya riƙe ni. Na ce a raina, abin da ban gina ba, ba zan rushe ba. Amma maganarsa ta riga ta shiga, ta zauna mini a ƙirji: tafiya yake yi.

Na danna layin nan guda da ya rage. Muryar wani dattijo ce, mai ɗan kauri, yana magana a kan zango kamar mai jin kunyar na'urar. Can baya wata mace ta yi magana, suka yi ƴar dariya, ya ƙare. Ban ma saurara da kyau ba. Abin da ke raina kawai shi ne, wannan ne ya rage daga wahalar shekaru, kuma ni ne zan je in faɗa wa macen da ba ta gama wankan jego ba.

Kwanakin da suka biyo baya ban ci abincin kirki ba. A aji na rubuta lissafi a allo na kuskure, yara suka gyara mini, ban ko yi musu tsawa ba, abin da ya sa suka tabbata ba ni da lafiya. Na yi tunanin in yi shiru har ta dawo. Na yi tunanin in ce ɓarawo ya shiga. To ina zan kai ordinatar, kuma wane ɓarawo ne zai bar akuya? Kiranta a waya ma ba hanya ba ce. Ƙauyensu sai ka hau tudun bayan gari kake samun rezo waya ta shiga, kuma surukata, wadda kowa ke kira Inna, ta karɓe wayar tun ranar haihuwa. Ta ce hasken gilashi yana ɓata idon mai jego. Ordinata kuwa ta ce ko ƙofar ɗaki kada ta gani.

Ranar kasuwa na sa na'urar a jaka, na sayi kanwa da sabulu da goro da ƙafar sa don kada in je hannu sake, na shiga motar da ke komawa ƙauyensu. Muna tafe tsakanin gonaki da aka share aka ƙone, ƙasa fara fat tana jiran ruwa. A kowace gona na ga tsoho da gatari sai in ji kamar shi ma na ɓatar masa da murya.

Wanda bai san zaman suruki a ƙasarmu ba, ba zai gane wuyar da ke gabana ba. Ba ka wuce zaure. Takalmi kana cire shi tun daga waje. In Inna ta gifta, sai ka durƙusa ka kafa ido a ƙasa, ita ma ta kau da kai, gaisuwa ta wuce a taƙaice kamar ana biyan ta da tsada. Tun da na auri ɗiyarta ban taɓa jin ta yi jimla uku a jere a gabana ba, dariyarta kuwa ban san kalarta ba. Mahaifin Madam ya rasu tun kafin in fara nemanta, ban san shi ba sai a hoto. Malamin gona ne, ya yi ritaya ya koma ƙauye. Ranar kuma mazan gidan duk suna gona.

Allah ya taimake ni akwai Kaka, mahaifiyar Inna. Tsakanina da ita babu kunya, sai wasa. Tsohuwa ce ƴar firit, bakinta ja da goro, ta fito tana gyara ɗankwali.

“A'a, mijina ya zaka. Mi ka kawo mani? Ko sai waccan mai kwanciya ka sani?”

Na gaishe ta, na miƙa mata goronta. Ta juya shi ta ce ƙanana ne, ta soke a haɓar zane. Ta shiga ciki, sai ga ta da jaririya a naɗe cikin zane, ta dangwara mini ita a cinya tana waige-waige.

“Riƙe maza kahin a gani. In anka kama ka, ban san ka ba.”

Ɗiyar fari ba a ɗaukarta a gaban surukai, sai ka yi kamar ba ka san da ita ba. Na riƙe ta. Ta yi nauyi fiye da ranar suna, tana ƙamshin hayaƙi da madara, hancin uwarta sak. Sai na ji hawaye na neman zubo mini, don ina riƙe da abin da Madam ta ba ni, ni kuma na zo in gaya mata abin da ya salwanta a hannuna. Kaka ta dube ni ta daina wasa.

“Mi ya hwaru?”

Na ce, “Kaka, muryoyin tsofaffin nan da ta yi ta wahala a kansu, na buɗe ban gan su ba.”

“Duka?”

“Saura ɗaya.”

Ta ci gaba da tauna goro. Na ce ko a bari sai Madam ta gama wanka, kada nono ya ɗauke mata. Kaka ta ce, “Wagga yarinya tun da ta ji sallamarka ta san da magana. Ɓoyon shi za ya hi cin ta.” Ta karɓi jaririyar ta shige.

Na zauna ina sauraron gidan. Ana daka a tsakar gida, na san Inna ce, don ita ke yin furar rana da kanta. Ina jiran in ji kuka ko salati daga ɗakin Madam. Ban ji komai ba. Can sai ga Kaka.

“Ta ce kana lahiya. Ta ce ka rame ko ba ka rame ba, na ce ka rame. Ta ce akuya hwa.”

“Akuya lafiya lau. Kaka, maganar fa?”

“Ina zuwa, mai gaggawa. Ta ce abin ya yi maka jan rubutu, ko ya buɗe salin alin?”

“Salin alin.”

Ta koma. Ta dawo.

“Ta ce ka kashe kwantenar. Ba gogewa ba, ta ce in hwaɗa maka sau biyu, ba gogewa ba. Ka tsai da ta kawai. Sannan ka sake buɗe abin naka.”

Wannan bai yi mini ma'ana ba. In rumbun yana cikin kwantena, na kashe kwantena, me zan buɗe? Na fara yi wa Kaka bayani, ta ce ita ba ɗalibata ba ce, in yi abin da aka ce. Na ɗora ordinatar a gwiwa, na tsayar da kwantenar, na ga ta mutu. Na buɗe manhaja. Ta buɗe garau, ga layin nan guda yana kallona.

Na daɗe ina dubansa kafin kaina ya waye. Kwantena a kashe take, amma ana amsa mini. Ke nan duk kwanakin nan ba da kwantenar nake magana ba. Akwai wani rumbu dabam a cikin na'urar, shi ne ke amsawa. Sai na fara sa rai, ban dai saki jiki ba tukuna.

Na ce, “Kaka, ki ce mata na kashe, amma har yanzu yana buɗewa.”

Wannan karon na ji muryar Madam daga nesa, ƴar dariya ce gajeriya, irin wadda take yi in ta kama kuskure a aikinta. Kaka ta fito tana ƙirga yatsu kada ta manta.

“Ta ce ka tada kwantenar, ka dubi layin da ke da kibiya. Ka karanta mani abin da ke kahin kibiya da abin da ke bayanta.”

Na tada ta na duba. Na sha ganin layin nan a gida, idona yana tsallake shi. Bayan kibiya an rubuta 5432. Kafin kibiya an rubuta 5433. Ni malamin lissafi, na kalli lambobin nan ban ga sun bambanta ba, don na farkon da na sani shi idona ke nema.

Ga yadda abin yake, kamar yadda ta ƙara fayyace mini daga baya. Kowace manhaja da ke jiran a yi mata magana a cikin na'ura tana da lambar ƙofarta. Irin wannan rumbun, ƙofar da aka san shi da ita ita ce 5432. In ba ka faɗa wa manhajarka lamba ba, ba za ta tambaye ka ba, can za ta nufa kai tsaye. A cikin kwantena rumbun Madam yana kan lambar nan da aka saba, amma daga waje ta buɗe masa 5433. Ni kuma ban faɗi lamba ba. Sai manhaja ta tafi ƙofar da ta saba, ta tarar da wani rumbu mai suna iri ɗaya, kalmar sirri iri ɗaya, ta shiga ta kawo mini abin da ta samu. Ba ta yi ƙarya ba, ba ta kuma yi gargaɗi ba, don a wurinta komai daidai ne.

Kaka ta kai lambobin ta dawo da saƙo. “Ta ce kahin ka buɗe, ka rubuta mashi ƙohwa. Biyar, huɗu, ukku, ukku. Ta ce ka yahe mata, ita ta manta ba ta nuna maka ba, hannunta ne ka yin shi kullum da sahe ba da saninta ba.”

Ta aiko da yadda ake rubuta layin, kalma kalma, Kaka na zuwa tana dawowa tana ƙorafin gwiwa, tana cewa sadakinta ya ƙaru. Na rubuta. Na buɗe manhajar.

Suka zubo. Tabla, Bonkuku, ƙauyukan dallol, ƙauyukan tudu, sunaye na bin sunaye, na yi ta saukowa ban kai ƙarshe ba. Na danna ɗaya, wata tsohuwa ta fara faɗa a kan masu shuka kafin ƙasa ta sha. Na kife fuskata a tafin hannu na yi ta hamdala. Ban san na yi kuka ba sai da Kaka ta ce, “Kai, dubi ƙato. Bari in tahi in ce mata mijin namu ya jiƙe.”

Da hankalina ya dawo, fushina ma ya dawo, don haka nake. Na ce wa Kaka ta tambaye ta, don Allah me ya sa mutum zai bar lambar da duniya ta sani ya koma ta kusa da ita? Kuma me ya hana ta rubuta lambar a cikin saitin manhaja sau ɗaya a huta, sai dai kullum da hannu? Kuma wannan ɗaya rumbun na mene ne, in ba shi da amfani ba sai a kashe shi ba?

Kaka ta shiga. Wannan karon ta daɗe. Da ta fito ba ta zauna ba, ta ce in matso jikin zanar da ta raba zaure da tsakar gida. Na matsa. Sai na ji motsi a bayan zanar, da ƙamshin kanwa da hayaƙi. Madam ce, ta lallaɓo. Ba na ganinta sai inuwar zanenta ta tsakanin karan.

A hankali ta ce, “Mushe, sannu da hanya.”

Na ce, “Madam, sannu da jiki.”

Ta ce, “Na Baba ne.”

Ta ba ni labarin da murya ƙasa-ƙasa. Tun tana karatu, da ta zo hutu, ita da Baba suka fara tunanin aikin nan. Shi ya ce a ɗauki muryoyin tsofaffi kafin su ƙare. A kan ordinatar nan ta girka rumbu na farko, kai tsaye, ba kwantena, suka zaɓi suna tare, shi ya zaɓi kalmar sirri. Ta koya masa inda zai danna, ta bar masa na'urar da ɗan faranti mai kama rana, ta koma Yamai. Kafin hutu na gaba ya rasu. Da ta zo fara aikin gadan-gadan, ta gina sabon rumbu a kwantena, sai na'ura ta ce mata ƙofar da aka saba akwai mai ita. Abu ne na layi ɗaya ta kashe tsohon. Ta ce, “Na sa hannu na kasa. Shi ya riga ni zama. Sai na ɗauki ta kusa da shi.”

Na ce, “To rubutawa da hannu kullum fa?”

“Da fari ƙyuya ce. Daga baya ya zama kamar gaisuwa. In na rubuta tawa lambar, na tuna yana ta farko.”

Fushina ya bi iska. Na ji kunyar tambayar da na yi, na kuma ji sonta ya cika ni. Sai na ce zan rubuta lambar a saiti saboda irina, amma na Baba ba mai taɓa shi. Ta ce to.

Sannan ta ce, “Kaka ta ce ka ce saura ɗaya.”

“Eh. Wani dattijo ne, ba suna.”

“Ni ban taɓa sa komai a ciki ba. Ban kuma buɗe shi ba tun da ya rasu.”

Sai a lokacin na gane abin da na yi kwanaki ina ɗauke da shi. Na ce, “In sa?” Na ga yatsunta sun kama karan zanar. Na rufe manhajar, na sake buɗe ta ba tare da na faɗi lamba ba, ta tafi inda ta saba. Na ƙara sauti, na danna.

Aka ji ƙarar iska, da kukan zakara. Sannan muryar. “To, ko ya kama? Bismillahi. Yarinyar ga ta ce in danna jan abin nan in yi magana. Gwaji ne nikai, in ta zaka ta gyara. Zango dai, shi ba a yi mashi gaggawa. A bari ƙasa ta sha, ka tura hannu ka ji sanyi har wuyan hannu.” Ya yi tari, ya ci gaba kaɗan. Sai can baya mace ta ce, “Malam, hura ta yi.” Ya ce, “Ina aikin zamani, ki aje mani a inuwa.” Ta ce, “Kai da ba ka iya kunna rediyo ba?” Ta fashe da dariya, shi ma ya biye mata, yana cewa ga shi ta ɓata masa gwaji. Nan ya ƙare.

Ban lura da lokacin da dakan ya tsaya ba. Gidan ya yi tsit. A bayan zana Madam na kuka a hankali, irin wanda ake danne shi da zane. Kaka ta goge ido da gefen ɗankwali ta ce, “Ashe haka surukin nan nawa ya iya surutu. Ni ban taɓa jin ya wuce gaisuwa ba.”

Sai na ji taku. Na ɗaga kai na ga Inna a ƙofar zaure, hannunta fari da garin hatsi. Na yi wuf na sauke ordinatar na durƙusa, ido a ƙasa, ina jiran a ce in fitar da abin da aka hana shigowa da shi. Ƙafafunta kawai nake gani. Ba ta wuce ba, ba ta kuma aika Kaka ba. Ta zauna a bakin tabarmar da nake kai, abin da ba ta taɓa yi ba, ta yi mini magana da bakinta.

“Mushe.”

“Na'am, Inna.”

“Wurin da ya ce in aje mashi a inuwa. Maido shi nan.”

Na jawo na'urar gabana, ban ɗaga kai ba, na mayar da muryar baya.